Ciyayya a Gidan Tsofaffi

A gidan tsofaffin nan na garin Manassas, kusa da Washington, da na yi wa aiki, kowa da tirensa na abinci. Daga kicin ake turo su a rufe, na mai ciwon suga daban, na mai hawan jini ba gishiri, na wanda maƙogwaronsa ya gaza kuwa a niƙe kamar na jariri. Doka ce, ba a taɓa na wani. Ni rabon abinci ba aikina ba ne. Ni mai nema wa tsofaffi abin yi ce, kada yini ya yi musu tsawo. Akwai wata yarinya Baturiya a samana, ita ke riƙe da takardu tun da ban yi boko ba, ni kuma ina riƙe da mutanen. In jera kekunansu, mu yi tafi, mu ninke tawul, mu dasa fure a gwangwani. 'Yata ce ta samo mini aikin, bayan jikokin da na zo reno a Alexandria, wani gari nan kusa, sun girma sun daina nemana.

Ana nan, ana nan, sai aka kawo wani dattijo ɗan ƙasarmu, mutumin wajen Gusau. Ɓarin jikinsa ya shanye, tunaninsa ma ya fara tafiya yana dawowa. Ɗansa injiniya ne. Ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, ya ce shi da matarsa tun asuba suke fita aiki, ba mai juya tsohon. Na ce Allah ya ba da lafiya. Me zan ce?

To, dattijo ba ya cin abinci. Aka sauya masa wani, bai ci ba. Aka sake sauyawa, bai ci ba. Wuyansa ya zurma, hularsa ta yi masa yawa. Nas ta ce in aka ci gaba a haka, likita zai huda masa ciki a sa roba, ta nan za a riƙa ɗura masa.

Ran nan da azahar na tsaya daga nesa ina kallonsa. Aka ajiye tire. Ya goge hannunsa mai lafiyar a jikin riga, ya tura tiren tsakiyar tebur, ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa, ya ce bismilla. Kowa ya ci gaba da cin nasa. Ya jira, ya jira, har abincin ya huce aka ɗauke.

Nan mahaifina ya faɗo mini. Da an idar da magariba sai a fitar da kwanoni ƙofar gida, maƙwabta ma kowa ya fito da nasa, a baje tabarma, a cinye na wannan a jawo na wancan. Ban taɓa ganin ya sa hannu a kwano shi kaɗai ba, har ya koma ga Allah. Ashe bawan Allahn nan ba ƙin abinci yake yi ba. Abokin ci yake jira.

Na je na gaya wa yarinyar da guntun Turancina. Ta yi tunani, ta ce in an samu wanda abincinsu iri ɗaya ne, sai a sa abin cikin ayyukana, kamar ninke tawul. Aka samu. Wani baƙar fata ne ɗan nan ƙasar, tsohon direban bas a Washington, mai ci, mai dariya. Na haɗa su tebur ɗaya, na juye musu a babban faranti. Dattijo ya ce bismilla. Direba bai san kalmar ba, amma ya san faranti. Ya kai hannu, dattijo ma ya kai.

Ba su jin harshen juna, amma suka saba. Dattijo kan tura masa tsokar nama ɓangarensa, irin yadda maigida ke yi wa baƙo. Wata rana ya yafito ni.

"Hajiya, maƙwabcin nan nawa, a gidansu ba a ɗora tukunya ne?"

Na ce, "Alhaji, shi kuma ya ce kai ne ba ka da sauri."

Ya yi dariya har da tari. A kwanakin nan kumatunsa suka ɗan ciko, aka daina zancen roba.

Sai maƙogwaron direba ya gaza. Likita ya mayar da shi kan niƙaƙƙen abinci, aka raba musu faranti, amma aka bar su tebur ɗaya. Dattijo ya dubi nasa da nama, ya dubi na maƙwabcinsa ruwa-ruwa kamar fate. Ina can ina gyara wa wata tsohuwa zama, dattijo ya ɗauki tsoka ya danƙa wa direba a hannu. Shi kuwa ya kai baki. Ta tsaya masa a wuya. Aka yi ta danna masa ciki, motar asibiti ta zo ta tafi da shi. Ya rayu, amma 'yarsa ba ta dawo da shi gidan ba.

Shugabar gidan ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce an daina, kuma tun da dattijo mai miƙa wa mutane abinci ne, daga yau a ɗakinsa zai riƙa ci. Ban ga laifinta ba. Rai ta tsare.

Shi ke nan, muka koma inda muka fito. Ɗansa kan zo ran Lahadi da tuwo miyar kuka, su ci tare, ya ci sosai. Amma cin rana ɗaya a mako ba ya riƙe tsoho. Na ce wa ɗan ya bar ni in yi magana da dattawan masallaci, ko biyu ne su riƙa zuwa da rana suna karɓa-karɓa. Fuskarsa ta sauya.

"Mama, don Allah ki rufa mini asiri. In aka ji a masallaci, kafin dare an ji a Gusau. A can sun san yana ɗakinsa a gidana."

Na bar maganar. Asirinsa ne, ba nawa ba.

Da na ga abin ya kai maƙura, wata rana na tura ƙofar ɗakin, na wanke hannu, na jawo kujera. An hana ma'aikata taɓa abincin mazauna gidan, na sani. Ya tura tire gabansa ya ce bismilla, kamar kullum. Na ce bismilla, na sa hannu. Ya janye nasa a hankali, ya ɗora a cinya, ya kawar da kai.

"Hajiya, lafiya? Maza sun ƙare ne a unguwar?"

Na ce, "Alhaji, duk sun tafi kasuwa. Ci mana, ko loma biyu."

"A'a. Ɗauki ki shigar wa yara cikin gida. Ni zan jira su."

Na ɗauka na fita da shi.

Aka sa robar. Kafin lokacin, haɗiya ma ta fara gagararsa, likita ya ce ba abin da zai ƙara bi ta baki. Lahadin da ta biyo baya ɗan ya zo da kular tuwo a hannu, sabo ya sa shi. Nas ta tuna masa a bakin ƙofa. Ya shiga ya zauna gefen gado, kular a kan gwiwarsa ba a buɗe ba, jakar madarar da ake ɗura wa uban a rataye tana ɗiga cikin roba. Uban ya daɗe yana kallon kular, sannan ya ce masa ya buɗe mana, ya leƙa waje ya kira mutane, tuwo na hucewa.