Ƙaryar da Na Ɗora wa 'Yar Farina

A shekarun da gari ya rikice, lokacin da ko buhu aka yar a bakin titi sai mutane su watse, a lokacin na fara aikin albashi. Kafin nan ban taɓa yi ba. Na gama sakandare aka yi mini aure a Mandawari, na haifi uku, sana'ata ba ta wuce ƙulla zoɓo da kunun aya ba in an kawo wuta. Maigidana huluna yake sarowa daga gabas, wajen danginsu na Barno, ya kai kasuwa. Da hanya ta lalace, masu ɗinkin suka tarwatse, sai ya zama kullum ya fita da safe ya dawo da yamma hannu Rabbana, ya zauna a zaure yana jan carbi har a kira magariba.

Wata maƙwabciyarmu mai shara a wani asibitin kuɗi wajen Ƙofar Kabuga ce ta zo mini da labari. Ana neman mace da za ta riƙa caje mata a ƙofa, tunda maza ba za su ɗaga hijabin matan mutane ba. Na faɗa wa maigidan. Ya kwana uku bai ce uffan ba. Rana ta huɗu, yana kallon tabarma, ya ce, "Ki je, zuwa Allah Ya kawo mana sauƙi."

Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗan ɗaki ne na kwano a gefen get, da labule, da benci, da wata baƙar sanda mai batir da take kuka in ta ji ƙarfe. Mace ta shigo, in gaishe ta, in ce ta ɗaga hijabi, in bi jikinta da sandar, in buɗe jaka, in buɗe kular abinci da filas ɗin ruwan zafi. Sandar tana kuka a kan awarwaro, tana kuka a kan makullin da tsofaffi ke ɗaurewa a bakin zane. Cikin wata guda na san matan wace unguwa ce ba su iya farfesu ba. Amma kowa ya san dalilin da ya sa aka ajiye ni a wurin. In wata ta zo da mugun abu ɗaure a jikinta, ni za ta fara tararwa.

Duk da haka ina son aikin nan. So na gaske, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin. Ina son fitar safe, in bi lungu da shuɗin hijabina da katina a wuya, in tsayar da a-daidaita-sahu da kaina ba tare da na jira wani ya raka ni ba. Ina son likita guda ya rage gilashin mota ya ce, "Malama, an tashi lafiya?" Hajiyoyi masu gwal, irin waɗanda in a gidan biki ne ko gaisuwata ba za su amsa ba, sai ga su tsaye a gabana sun ware hannuwa. In na ce wannan bai yi mini daɗi ba na yi ƙarya. Amma abin ya wuce nan. Tsohuwa ta zo daga ƙauye tana rawar jiki don ta ga sanda, in ce, "Iya, ba allura ba ce, allurar tana ciki tana jiranki," ta yi dariya ta saki jiki. Daga tafiyar mace nake gane naƙuda ce ta kawo ta, in sallame ta cikin ƙiftawar ido. Shugabanmu, wani dattijo tsohon soja da kowa ke ce wa Baba, ya taɓa cewa a gaban mutane tunda aka buɗe ƙofar mata ba a sami mai hannu irin nawa ba. Tunda uwata ta haife ni, ranar ce aka fara ce mini na iya wani abu.

Sai dai matar aure a cikin gari ba ta buɗe baki ta ce tana jin daɗin fita. Larura ce ke fitar da ita, haka ake faɗa, haka ake son a ji. Dangin mijina dama sun fara ƙananan maganganu, wai matar ɗan'uwansu ta koma laluben jikin mutane a titi. Ga kuma shi maigidan. In ya gan ni ina fara'a, ai kamar ina murna da karyewarsa ne. Don haka tun daga bakin lungu nake shirya fuskata. In shigo ina jan ƙafa, in zube a tabarma, in ce wayyo bayana, wayyo ƙafata. Na ƙware har ni kaina wani lokaci nakan ji bayan ya fara ciwon.

Mai kawo mini ruwa kullum ita ce babbar 'yata. Shekarunta sha biyu a lokacin, tana aji ɗaya na sakandare a wata makarantar kuɗi da muka ƙi cire ta don tana da kai. Dangin uwata Fulani ne, kunyar ɗan fari a wurinmu ba wasa ba ce. Ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ba na jan ta a jiki, ba na zama hira da ita, ba na yabonta ko da ta zo ta ɗaya. Ƙannenta su hau cinyata su ja mini kunne, ita tana gefe. Haka aka yi mini, haka na yi. Saboda haka maganar da ta fi ji daga bakina game da ita, ita ce wadda nake yi in ta miƙo mini kofi.

"Ba don ku ba, me zai kai ni tsayuwa a bakin mutuwa?" nake cewa, da ƙarfi yadda za a ji a zaure. "Makarantarki kaɗai ta isa ta hana ni zaman gida."

Da babanta nake, da dangin babanta nake. Ban taɓa tsayawa na duba fuskar wadda ke tsugune a gabana da kofi ba.

Alamu kuwa sun yi ta zuwa, ni ce dai ban da ido. Ta daina tambayar kuɗin tara. Takalminta ya tsinke ta ɗaure da waya, ba ta faɗa ba. A zuba mata tuwo ta ci loma uku ta tura wa ƙannenta, ta ce ta ƙoshi. Kullum bayan la'asar tana tsaye a bakin zaure tana leƙen lungu, da ta hango ni sai ta ruga ciki kamar ba ita ba. In babanta ya kunna rediyo aka fara labarai, sai ta bar abin da take yi. Ni kuwa har ina faɗa wa maƙwabta cewa yarinyar nan ta fara hankali.

Wata rana abu ya tashi a wata ƙofa irin tamu, can wani gefen gari. Mun ji ƙarar daga nesa, aka rufe get na ɗan lokaci, aka sake buɗewa. Kafin yamma labari ya zagaya cewa masu tsaron ƙofar ne suka fara tafiya. Ranar nan, da na koma gida, na ƙara wa wasana gishiri. Na ce yau kam Allah ne Ya tsare, gobe kuma wa ya sani. Yarinyar ta ajiye kofin ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi ina cikin ɗakin bincike, layi ya yi tsawo, ina buɗe wa wata mata kula, sai na ji wata murya ta bayan labule, wajen teburin Baba. Na san muryar, amma kaina ya ƙi yarda, don na ga fitarta makaranta da idona.

"Baba, don Allah don Annabi ku kore ta," take cewa. "Ummana ce, mai cajin mata. Ba ta son aikin nan, saboda ni take yi. Na bar makarantar daga yau, ba sai an ƙara biya ba. Ku ce mata kawai an daina buƙatarta."

Na yaye labulen. Ga ta tsugune a gaban dattijon cikin kayan makaranta, ta haɗa hannuwa biyu. Masu gadi maza sun tsaya, matan layi sun miƙo wuya.

Da zan iya, da na rubuta cewa tausayi ne ya fara zo mini. Ba shi ba ne. Abin da ya fara zo mini shi ne tsoron kada Baba ya ɗauki maganarta. Na tsallaka na finciko ta, na ɗauke ta da mari a gaban kowa, da hannun da ba ya riƙe da sandar.

"Uban wa ya aiko ki? So kike ki raba ni da aikina?"

Ba ta yi kuka ba. Ta dafe kunci tana kallona kamar ba ta gane yaren da na yi ba.

Baba ya miƙe a hankali. "Malama," ya ce, "dubi ƙafarta. Da ƙafa ta zo tun daga cikin gari, ta bi duk shingayen sojojin nan ita kaɗai." Na duba. Wayar takalmin ta yanke mata ɗan yatsa, jini ya bushe a kai. Ya ce in kai ta ciki a wanke mata, sannan mu tafi gida, yau ya ba ni hutu.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina riƙe da hannun yarinyar, kuncinta da shatin yatsuna, na juyo na ce, "Baba, amma gobe in zo ko?"

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ki zo."

Muka hau a-daidaita-sahu muka koma. A gida na ce wa babanta ciwon kai ne ya dawo da ita daga makaranta, ita ma ba ta ƙaryata ni ba. Washegari na tasa ta a gaba har ƙofar ajinsu, na wuce wajen aikina. Da yamma ta kawo mini ruwa kamar kullum. Na buɗe baki zan yi wayyon da na saba, sai ya maƙale. Kwana huɗu muna haka, ni ba na iya kallonta, ita ba ta cin abinci.

Ranar Lahadi ba ni da aiki. Bayan azahar na ce, "Ke, ɗauko kibiya." Ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, ta ba ni baya, na fara tsefe mata kai. Babanta ya fita, ƙannenta suna gidan maƙwabta. Na san in ban yi magana yanzu ba, da ba mai ganin fuskar wani, ba zan taɓa yi ba. Sai da na yi layi uku na kitso ina juya maganar a baki.

"Abin da nake faɗa in na dawo," na ce, "ba gaskiya ba ne."

Na tsaga wani layin, na ci gaba.

"Ina son aikin. Ba wanda ya tilasta mini. Ina faɗar haka ne don kada a ce ina son yawo, don kada ran babanku ya ɓaci."

Na ji wuyanta ya ƙage a hannuna. Can ta ce, a hankali, "Ko da ba na makaranta, za ki je?"

"Zan je."

"Ko da ba a haife ni ba?"

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, amma na riga na fara. Na ce, "Ko da ba a haife ki ba."

Na jira ta yi fushi. Na jira ta ce ashe na fi son ƙofar asibiti a kansu, kuma da ta faɗa ba ni da amsa. Sai na ji ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kafaɗunta suka saki, ta jingina bayanta da gwiwata, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta yi wayo.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe in kin mutu ba ni na kashe ki ba."

Wata bakwai tana ɗauke da wannan, tana da shekara sha biyu, kuma ni na ɗora mata don in gyara sunana a wurin mutanen da ko sannu ba su taɓa yi mini ba. Na so in ce ta yafe mini, bakina ya kasa. Na ci gaba da kitson, layin ya karkace, ta kai hannu ta shafa ta ji ya karkace, ba ta ce in warware ba.