Zumar da Ta Kusa Raba Falalu da Sa'adiyya

Falalu mahauci ne a mayankar Trans-Amadi, ƙaton mutum mai baki kamar rediyo. Tun yana saurayi ya biyo tirelar shanu daga Funtuwa zuwa Fatakwal, bai koma ba sai da zai auro Sa'adiyya. In yana fiɗa yana barkwanci, matan da ke zuwa sayen kayan ciki har hawaye suke yi don dariya.

Sai ga bakin nan ya mutu. Abin da ke tsakanin miji da mata ya fara gagararsa, yau da ƙyar, gobe babu. Mu maza kuwa an san halinmu, gara a ji gidanmu ya ƙone da a ji wannan. Wa zai faɗa wa? A unguwar Hausawa in ka yi tari da safe, kafin azahar an kai ka asibiti da baki. Don haka ya lallaɓa wurin wani mai maganin gargajiya, aka ce sanyi ne, aka ba shi gari ya riƙa kwaɓawa da zuma safe da yamma. Sa'adiyya ma, ba tare da sun taɓa ɗaga zancen ba, ta duƙufa da nata: kunun aya da dabino, madarar gwangwani, zuma har cikin shayi. Ana ta ɗura masa, abu na ta lalacewa.

Da ta ga ya koma juya mata baya, sai ta ɗauka ta fita ransa ne. Wata safiya ta ce, "Maigida, in na ishe ka, ka sallame ni cikin mutunci. Na yi wa Yaya waya, in motar albasa za ta koma Funtuwa zan bi."

Falalu ya kwashi wuƙaƙensa ya nufi mayanka. Ranar a bayan rumfa ya yi kuka, shi da ke ka da bijimi.

Wuƙa ce ta cece shi. Ta suɓuce ta yanke shi a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa, dole ya je asibiti. Likitan, Dakta Jeremiah, mutumin Kagoro, da Hausa ya tarbe shi.

"Kana yawan jin ƙishirwa?"

"Kamar raƙumi."

"Fitsari fa?"

"Ba a magana."

"To a gida fa, kai da iyali?"

Falalu ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa. "Likita, ƙafa na kawo."

"Na sani. Amma jinin da ke zuwa ƙafar shi ke zuwa can."

Nan Falalu ya amayar da komai. Likita bai ko yi murmushi ba, ya ci gaba da tambaya: yana farkawa da ƙarfi da asuba? Yana shan taba? Akwai damuwa? Wane magani yake sha? Ya ce kowanne cikinsu kan jawo matsalar. Aka auna hawan jini, aka ɗebi jini. Sakamako ya fito: ciwon suga ne, har ya fara taɓa jijiyoyi. Likita ya ce ya zo da matarsa.

Sa'adiyya ta zo fuska a ɗaure. Da ta ji bayani ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ni ce fa ke ɗura masa zumar!" Ta juyo kansa. "Haba Maigida! Ciwo kake ɓoye mini, ni ina can ina zargin kaina?"

"Kunya ce."

"Kunyar taka ta kusa mai da ni Funtuwa."

Daga ranar ta zama soja. Ta kwashe kayan zaƙi, ta rage masa tuwo, ta tsare shi da magani, ta hana shi hawa acaɓa zuwa masallaci, sai dai ya taka da ƙafa. Ya yi mita har ya gaji. Sauƙin bai zo da gaggawa ba, sai da damina ta wuce. Motar albasa ta yi ta zuwa tana komawa ba Sa'adiyya.

Wata safiya har an gama yanka ba a ga Falalu ba. Can sai ga shi yana tafe yana waƙa. Sarkin fawa ya tare shi.

"Falalu, yau kai ne da makara? Lafiya?"

Falalu ya gyara hula, ya washe baki. "Lafiya, ranka ya daɗe. Wallahi lafiya ƙalau!"