Birkin da Ya Tsare Mini Gona

Jiya a kasuwar Maradi ƙamshin ɗanyen zogale ya bugi hancina, sai na tuna tsohon depitenmu, Allah ya jiƙansa. Samari suna ce masa Birki, don duk sabuwar dokar da aka kawo majalisa sai ya tambaya, "Wanda ya kafa ta da, me ya hango?"

Shekarar da maigidana ya rasu, aka fara zancen karɓe gonakin ban ruwa na Jiratawa daga gidajen da ba namiji. Tawa na ciki, ita ce kuwa abincin marayuna. Ya zo da kansa, ya tuɓe takalmi, ya tako laka har inda nake buɗe wa zogale ruwa.

"Ɗiyata, wa ke noma wurin nan?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana duban kantar hannuna. "To, gonar nan da mai ita."

Ya koma Yamai ya tsaya kai da fata, har aka jingine maganar. Zogalen jiya, jikana ne ya kawo shi daga gonar.

Allah ya sanyaya makwancin Birki kamar yadda ruwa ke sanyaya gonar nan.