Mai Fitila Ya Koma Bakin Rami

Shekara ashirin Mai Fitila ya yi yana aiki a wata mahaƙar ma'adinai cikin daji. Aikinsa goge fitilu, ya miƙa wa kowane lebura tasa da safe, ya karɓa da yamma. Wata rana da damina ramin ya rufta. Fitilu shida ba su dawo ba, har da ta ƙanensa. Aka rufe wurin, shi kuwa ya koma gari gyaran keke, bai sake waiwayar dajin ba.

Da ya haura saba'in, wata safiya ya ce wa 'yarsa, "Miƙo mini sandata, ki raka ni."

Tafiyar awa biyu ce, da ɗan hawa, suna yi suna hutawa. Suka wuce tsohon layin dogo da saiwoyi suka haɗiye, da amalanken da tsatsa ta cinye. Ɗakin fitilun saura bango ɗaya.

"Baba, mu juya haka nan, numfashinka ya yi sama."

"Uwata, mai zuwa gaisuwa ai ba ya tsayawa a ƙofa."

A bakin ramin ya zauna kan dutse, ya kira mutum shidan ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu addu'a. Ita kuma ta rubuta sunayen, don allon da aka kafa wa masu yawo bai ambace su ba.

Suka gangaro a hankali, hannunsa a kafaɗarta, yana ba ta labarin muguwar muryar baffanta in yana waƙa.