Fuluto Ba Ta Yi Shara Ba

Har yau ban manta da ranar da aka kira ni shaida ofishin shugabar makarantarmu ta Yalwawa ba. Lokacin ni ce firifet ta tsafta. Aikina in zagaya da safe in duba wa ta share gurinta, wa ta tura dattin bayan ƙofa. Ba ni da yawan magana, sai kallo.

Ana shirin bikin raba kyaututtuka, 'yan aji ɗaya za su yi wasan duniyoyi: ɗaya a tsakiya ita ce rana, tara suna zagaya ta a kan zanen alli. Bilki, wadda ta fi kowa gajarta, aka ba Fuluto, can ƙarshe kusa da randa.

Sai sabuwar malamar kimiyya, Malama Rifkatu, ta zo kallon gwaji. Ta ce masana taurari sun daɗe da cire Fuluto daga sahu. Kafin a kira abu cikakkiyar duniya, sai yana zagaya rana, nauyinsa ya dunƙule shi kamar ƙwallo, kuma ya share hanyarsa.

"Fuluto ta cika biyu," in ji ta, "amma ba ta share hanyarta ba. Wada ake ce mata yanzu."

Na dubi Bilki. Ta riga ta gayyato duk gidansu.

Washegari kakarta, Inna Tabawa, ta faɗo ofis, mayafi a karkace.

"Wace ce ta ce jikata ƙazama ce? Gajartar na yarda, gadonmu ce. Amma shara?"

Shugaba ta dube ni. "Hafsatu, ke ce mai dubawa. Faɗi."

Na ce, "Ranki ya daɗe, har ƙarƙashin randa take sharewa."

Malama Rifkatu ta durƙusa. "Inna, ba Bilki nake nufi ba, wata duniya ce a sama. Manyan duniyoyi ƙarfinsu ya kai su janye ko su kore duwatsun da ke hanyarsu. Ita ƙarama ce, unguwarsu kuma cike take da ƙanƙara da tarkace."

Inna ta gyara mayafinta. "Wato an ba ƙaramar yarinya filin da ya fi na kowa datti, sannan a ce ta gaza? Su masanan, sun taɓa riƙe tsintsiya?"

Shugaba ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na girgiza. Aka yanke Bilki za ta fito a matsayin wada, amma da tsintsiya a hannu.

Ranar biki takwas suna zagayawa da yanga, Bilki na biye tana tayar da ƙura, Malama na bayani. Daga layin gaba Inna ta ƙwala: "Ga wani dutsen can, Bilki, kar ki bar musu abin faɗa!" Tafin da aka yi wa Bilki ya fi na rana.

Tun ranar, kafin in ce wata ba ta yi shara ba, sai na fara duba gurin da aka ba ta.