Akwatin da Ba Ya Ɗaukar Murya

Bakin da ya saba da tatsuniya ne zai ba ku wannan labari, amma babu gizo a ciki. Ni ce kawai, da abin da na aikata.

Shekarar da maigidana ya sauke farali, ƙanensa ɗan kasuwa a Damagaram ya zo da mai ɗaukar bidiyo har nan Matameye, don a ɗauki dawowarsa. Gida ya cika, dangi sun zo daga Tsauni da Ɗan Barto. Da motar ta tsaya ya sako ƙafa, na hango ya rame ya yi baƙi, ban san sa'ad da na fito daga bayan zana ba. Na buɗe baki na kira shi da sunansa na yanka, gatsau, gaban surukaina. Ni da na shekara ashirin ban kama sunan nan ba, ko takwaransa na gani sai dai in ce mai sunan Malam.

Ƙannensa mata kuwa suka samu abin yi. Duk bikin da muka haɗu sai in ji, "Matarmu, yaya ma sunan yayan namu? Mun mance, tuna mana!" Sau ɗaya aka kalli kaset ɗin, aka yi dariya har da riƙe ciki. Na karɓe shi na tura ƙasan kwalla, na danne da zannuwa. Bayan shekara huɗu Allah ya karɓi ran Alhaji, autarmu ko yaye ban yi mata ba.

Bara autar nan, wadda yanzu malamar lakkwal ce, wato makarantar boko, a Damagaram da 'ya'yanta uku, ta zo taya ni fitar da kaya don ɗakina ya yi yoyo. Ta ci karo da kaset.

"Inna, akwai Baba a ciki?"

"Akwai."

"Yana magana?"

Na ce yana yi. Ranar ya daɗe yana addu'a, ya roƙa wa 'ya'yansa, na nan da waɗanda ba su iso ba tukuna. Ta rungume kaset ɗin kamar jinjiri. Ta ce ita hotonsa ta sani, muryarsa ba ta taɓa ji ba.

Muka ɗauki mota zuwa Damagaram, wurin wani mai gyara mai furfura a gemu, wanda ke juye tsofaffin kaset su koma cikin portabul, wato wayar hannu. Ya ɗaga bakin kaset ɗin ya nuna mana fumfuna fari-fari, irin na tuwon da aka mance.

"Iya, wannan sau ɗaya zai bi ta cikin na'ura, in ma ya bi. Sai a yi tunani tun kafin a sa."

Ya ajiye mana wasu 'yan akwatina biyu, kowanne bai fi gidan ashana ba. Ya ce su ke karɓo abin daga na'urar kaset su miƙa wa ordinater, wato kwamfuta. Waya mai ruwan ɗorawa ita ke ɗauko hoto, ja da fara su ɗauko murya. Akwati na farko hotonsa garau, amma ramin muryarsa ya ƙone. Na biyu yana ɗaukar murya, hoton ne dishi-dishi, kamar ana leƙe ta cikin hayaƙi. Ya ce in kuma za mu iya haƙuri, mako mai zuwa za a kawo masa sabo daga Kano mai yin duka biyun.

Auta ta dube ni. "Inna, mijinki ne. Ke za ki zaɓa."

Na ce idanuna sun yi rauni, fuskarsa nake so in gani sarai. Na ce gwiwoyina ba za su iya wata tafiyar ba. Duk ƙarya ce. Abin da ke raina shi ne kiran nan nawa yana yawo daga portabul zuwa portabul, jikokina na ji, ga ɗaya cikin ƙannen nasa tana raye da bakinta. Na nuna akwatin bebe.

"Iya, kin dai ji abin da na ce?"

"Na ji, ɗana. Sa shi."

Auta ta mai da ido kan gilashin ordinater. Tarbiyyar da na ba ta ita ta ɗaure mata harshe.

Hoto ya fito garau. Ga mota, ga Alhaji, ga ni na fito baki buɗe kamar kifi a kan tudu, babu ko tari. Astagfirullah, sanyi na ji a raina. Sai ga shi ya zauna a tabarma ya ɗaga hannu, leɓɓansa na motsi, na motsi. Auta ta matsa ta kai kunnenta jikin gilashin, alhali ta san babu komai. Nan sanyin ya bar ni.

Na ce a sake da ɗaya akwatin. Mai gyara ya goge cikin na'urar da auduga ya nuna mini, ta yi ja kamar an shafa ƙasa. Ya ce jikin kaset ɗin ke nan ya zube. Ya gwada duk da haka. Zane-zane kawai da shuuu.

Muka kamo hanyar Matameye. Sai da muka kusa gida Auta ta ce a hankali, "Inna, muryarsa babba ce ko ƙarama?"

Gara ta zage ni. Muna shiga ɗaki na zaunar da ita na faɗa mata gaskiya tun daga bayan zana. Na zaci za ta yi dariya irin ta gwaggwanninta. Ba ta yi ba.

"Don wannan, Inna? Ni ko sunan nasa ban taɓa ji a bakinki ba."

Yanzu in ta zo, takan kunna hoton a portabul mu zauna. Alhaji na motsa baki, ni ina faɗin addu'ar da tawa muryar, wani wuri in tuna, wani wuri in yi shiru. In an zo inda na fito daga bayan zana, sai ta tsayar da hoton ta jira. Nakan sunkuyar da kai in faɗi sunan. Cikin duk abin da aka faɗa a ranar nan, shi kaɗai nake da shi cikakke da zan ba ta.