Mai Lanƙwasa Kifi a Tanga

A kasuwar kifi ta bakin teku a Tanga, wani dattijo yana zaune kan kifaffen bokiti, hularsa ta koɗe da gishiri. Yatsu biyu ne suka rage a hannunsa na dama. Da su yake ɗaga kifi ya lanƙwasa a gaban mai saye, don a ga ƙashin bayan bai karye ba. Kifin da masunta suka kashe da bam laƙwas yake kamar tsumma, kowa a nan ya sani.

Wata mai suyar kifi tana tsaye a kansa, tana ɗaga murya.

"Baba Kombo, yau ma 'yan tsirarun nan ne? Ina jajaye da shuɗɗan da muka saba?"

Bakinta yake kallo, ba idonta ba.

"Gidansu ya rushe, 'yata. Dutsen murjanin da suke fakewa a ƙasan teku ya zama tsakuwa, sai leda ke yawo a kai."

"To, wa ya rushe shi?" in ji ta, tana hararar hannun.

Ya ɗago wani kifin. Ni da nake tsaye a gefe ban san shi ba, amma ƙugiya ba ta yi wa hannu haka. Ina jin kwalbar bam ce ta fashe kafin ya jefa ta teku, tun yana saurayi.

Can cikin teku wani abu ya yi dum. Tsuntsaye suka tashi, ciniki ya tsaya, kowa ya waiwaya. Shi kaɗai bai ji ba. Yana ta lanƙwasa kifinsa, yana cewa, "Duba, 'yata, na ƙugiya ne."